Tsiron da ke ba kududdufi numfashi yana ƙarƙashin ruwa ne

A zagayen da muke yi a Agege da Mile 12 da Ikorodu a jihar Legas, mukan tarar da 'yan uwa da suka haƙa ɗan kududdufi a lambu ko bayan gida, wasu don kiwon kifi kaɗan, wasu don sha'awar ganin kwaɗi da tsuntsaye suna zuwa. Kukansu kusan ɗaya ne: ruwa ya yi kore da gansakuka, ya fara wari, kifi kuma yana tasowa da asuba yana buɗe baki a saman ruwa. Wannan alamar ƙarancin iskar oksijin ce, kuma maganin da jama'a suka fi garzayawa gare shi, wato zuba kainuwa, shi ne yake ƙara dagula lamarin.

Dalili kuwa shi ne, tsiron da ganyensa ke yawo a bisa ruwa yana sakin iskarsa ne zuwa sarari, sannan ya tare hasken rana daga abin da ke ƙasa. Wanda ke nutse gaba ɗaya shi ne yake sakin oksijin a cikin ruwan, har mutum ya ga 'yan kumfa suna tashi daga ganyensa da tsakar rana. Da dare aikin yakan tsaya, tsiro da kifi duka su koma shaƙar abin da aka tara, shi ya sa asuba ce lokacin da ruwa ya fi talaucewa, ga shi kuma ruwa mai ɗumi irin na Legas ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Kada lafiyar tarwaɗa ta ruɗi kowa, domin ita tana iya shaƙar iskar sarari, ƙarfasa ce ke fara galabaita.

Baƙuwar kainuwa mai fure ruwan shuni, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta shigo ruwayen Najeriya ta wajen Badagry a 1984, kuma duk mai hawa jirgin ruwa daga Ikorodu bayan damina ya san yadda take toshe hanya. Ba abin kaiwa gida ba ce. Ita ma kainuwar da muka sani tun a Arewa, duk da kirarinta na dashen Allah, akwai wani nau'in sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta tana numfashi ta nan.

Abin da muke ba da shawara shi ne tsiron da masana ke kira Ceratophyllum, wanda yake fitowa da kansa a tafkuna da fadamun ƙasar nan. Ba shi da saiwa, ganyensa siriri ne kewaye da kara kamar jelar kyanwa, kuma ba ya bukatar ƙasa: a ɗaure damƙi ɗaya da ɗan dutse a jefa, zai ci gaba da kansa, yana zuƙe abincin da gansakuka ke rayuwa a kai. Za a iya haɗa shi da bado, a dasa a kwando da yumɓu ba tare da taki ba, muddin ganyensa bai rufe fiye da rabin fuskar ruwan ba.

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara sosai. Ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, suna matuƙar son ɓuya a cikin wannan tsiro, suna manna ƙwansu a ganye kamar ɗigon majina. Saboda haka kada a tura yara rafi su tsinko shi, babba ma ya sa safar hannu da takalmin roba, ko ya nema wurin maƙwabcin da kududdufinsa yake da tsabta. In an kawo, a wanke shi, a tsince duk katantanwa da ƙwai, a ajiye a bokiti mako biyu ana dubawa kafin a saka. A hana fitsari a ruwan ko a bakinsa, domin ta nan ne cutar ke komawa jikin katantanwa, kuma a kewaye wurin saboda ƙananan yara.

A cika kududdufin da ruwan sama ko na burtsatse, ban da na lagun, wato babban ruwan Legas da ke haɗe da teku, saboda gishirinsa. A bar 'yan ƙananan kifi a ciki don su cinye tsutsar sauro. Idan tsiron ya yi yawa, musamman tsakanin Afrilu da Yuli, a rage shi da hannu, a bar shi a gefe ya kwana don ƙananan halittu su koma ruwa, sannan a kai shi ramin takin gargajiya maimakon kwata.