Ɗigon da ba ya dusashewa idan an danna shi

Wata uwa ta kawo mana ɗanta mai shekara huɗu asibiti, ta ce ƙurajen zafi ne suka feso masa a ƙafa, kwana uku ke nan tana barbaɗa masa hoda. Na naɗe wandonsa. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana kamar an yayyafa garin barkono, ba tudu, ba ƙaiƙayi. Na danna kofin gilashi a wurin ina leƙe ta cikinsa. Ko gezau.

Ƙurji na gama-gari, in ka danna shi sai ya dusashe, ka saki ya dawo. Wannan kuwa jini ne da ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta a ƙarƙashin fata. A baƙar fatarmu yana da wuyar gani, don haka iyaye ku duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da cikin baki, a haske sosai.

Sau da yawa ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ne suka yi ƙasa. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita ta jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo. Wani yaron bayan mura ce suke raguwa, ya warware cikin makonni ko watanni. Wani kuwa sankarar jini ce. Gwajin jini ne zai raba gardama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗigon da ya zo tare da zazzaɓi, musamman lokacin zafi. Ƙwayar sanƙarau in ta shiga jini, cikin sa'o'i take kashewa, wani lokacin tun wuya bai sanƙare ba. Duk wanda ya san Kano a 1996 ya tuna yadda Asibitin Zana ya cika maƙil. A waccan shekarar annobar sanƙarau ta ci rai sama da 11,000 a Najeriya. Kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa.

Don Allah kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko cire belu, jinin ba zai tsaya ba. Kada a sayi asfirin ko ibufurofen a kemis, ƙara zubar jinin suke yi. In akwai haɓo, ko dasashi na jini, ko yaro ya yi laƙwas, a ɗauke shi zuwa Asibitin Murtala, ko na yara na Hasiya Bayero, ko na Malam Aminu Kano, ko da tsakar dare ne.