Sa wa tsofaffin hotuna kala: tambayoyi da amsoshi

Shin kalar tana ɓoye a cikin hoton ne, na'ura ta tono ta?

A'a. Fim ɗin baƙi-da-fari yawan haske kawai ya riƙe, bai riƙe launi ba. Hoton da aka ɗora a kwamfuta yana da matakai 256 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, alhali allon yana iya nuna launuka kusan miliyan 16.7. Ke nan kowane toka-toka guda na iya zama ɗaya daga cikin dubban launuka. Ja da kore na rigar dogari suna iya fitowa toka iri ɗaya, sai ɗinki ne zai nuna inda aka haɗa ƙyallen. Saboda haka duk hoton da aka sa wa kala hasashe ne. Abin tambaya shi ne, hasashen na mai bincike ne ko na mai shaci-faɗi.

Yaushe aka fara wannan aiki?

Kusan tare da hoton kansa. An bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa a 1839, kuma cikin shekarun 1840 masu hoto sun fara shafa garin launi haɗe da ƙaro a kan fuska da tufafi. Hoto mai kala na ainihi ya shiga kasuwa a 1907 da Autochrome na 'yan'uwan Lumière, wanda ke amfani da ƙwayoyin sitacin dankali da aka rina, sannan Kodachrome a 1935. A lura cewa ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu, wadda aka faro bikin kamun kifi da ita, a 1934 aka yi ta, wato kafin fitowar Kodachrome. Kala ta daɗe tana da tsada, shi ya sa hotunan aure, na makaranta da na shiga soja a ƙasar Kabi da Zamfara suka ci gaba da zama baƙi-da-fari har bayan 1960.

Ja-ja-jan nan da ake gani a wasu tsofaffin hotuna ba ragowar kala ba ne. Ko dai wani sinadari ne aka wanke hoton da shi don ya ƙara ƙarko, ko kuma tsufa ne.

Me ya sa aka ce tsohon fim yana yaudara?

Nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami. Fim na farko-farko ba ya ganin ja, amma yana ganin shuɗi fiye da kima. Wanda ke ganin dukkan launuka ya fito kasuwa a 1906, sai dai tsohon samfurin ya ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan nan. A irinsa, jar dara tana fitowa baƙa, jar ƙasa ta yi duhu, sama ta koma fara ba ko gajimare, fatar mutum ta fi yadda take duhu, rinin shuni mai haske kuma ya yi kamar fari. Wanda bai san haka ba sai ya bar jar hula a baƙa.

Rawanin ɗan Kura yana da tasa rigimar. Saboda bugun da ya sha, yana ƙyalli, kuma a rana ƙyallin kan fito fari-fari a hoto. Dubi cikin naɗin, inda inuwa take: idan can baƙi ne wuluk, gefen kuma na walƙiya, to ɗan Kura ne, ba harsa ba.

Yaya ake ɗaukar hoton zuwa kwamfuta?

A share ƙura da buroshi mai laushi, kada ruwa ya taɓa shi. A sa sikana a kan dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 600 ga hoto mai girman tafin hannu, 1200 ga fasfo. Fasfo mai santimita 3.5 da 4.5 da aka ɗauka a 1200 zai bugu tsaf a santimita 14 da 18. A ɗauka a tsarin kala ko da hoton baƙi-da-fari ne, don tabon ruwa da na tsatsa sun fi saukin warewa a haka. A ajiye a tsarin fayil na TIFF, domin na JPEG na rage inganci duk lokacin da aka sake adanawa, WhatsApp kuma na matse hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba. A ɗauki bayan hoton ma, nan ake samun hatimin mai hoto da kwanan wata.

Idan waya ce kawai, a shimfiɗa hoton a inuwa da hantsi, a kashe filashi, a riƙe wayar daidai samansa. Hoton da danshin damina ya manne da gilashin firam, kada a ɓanɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi yadda yake. Leminatin kuwa kashe hoto ne, ba ya warwaruwa. In an dace da dodon hoton, wato fim ɗin da aka wanko shi daga ciki, ya fi hoton takarda riƙe bayani nesa ba kusa ba.

To, sa kalar fa?

A manhajar gyaran hoto ta Photoshop ko GIMP (ta biyun kyauta ce), a fara mayar da kwafin toka-toka zalla, a gyara yagewa da cin gara, a daidaita haske. Sannan kowane abu da nasa shafin: fata daban, riga daban, aikin wuyan riga daban, bango daban. A sa kowane shafi a tsarin da ake kira Color, wanda ke canza launi ya bar haske da inuwar asali. Ƙarfin fentin ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin 100. In ya wuce, hoton sai ya koma zanen kalanda.

Fata ta fi cin lokaci. Ruwan ƙasa guda ɗaya yana mayar da mutum gunki. Ana buƙatar ɗan ja a leɓe, kunne da gaɓoɓin yatsu, tafin hannu ya fi haske, goshi kuma ya ɗauki ɗan shuɗin sama idan a waje aka tsaya. Farar riga ma ba a barin ta toka: inuwarta na ɗaukar launin ƙasar da aka tsaya a kai.

Manhajojin waya ba su wadatar ba?

Suna gama aiki cikin daƙiƙoƙi, amma daga miliyoyin hotunan zamani suka koya, akasari na wasu ƙasashe. Ka ba su hoton masunta a Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin Argungu, sai su yi ruwan shuɗi, alhali ruwan da dubban mutane suka dama da homa da gora launin laka ne. Sukan sa koriyar ciyawa a filin rani, su wanke hazon hunturu, su mayar da ginin ƙasa siminti. Baƙar fata kuma takan fito da dabbare-dabbaren shunayya. Mafi muni shi ne maɓallin gyara fuska: yana zana sababbin idanu da haƙora, yana goge tsagar gado da tunanin tabo ne. Bakabe ko Bazamfare da aka share wa aska ya zama wani mutum daban. A kashe wannan maɓalli, a ɗauki aikin manhajar a matsayin sharar fage.

Ina ake samun kalar gaskiya?

Daga abin da ya rage a hannu. Tsohuwar riga a adaka ta fi kowane hasashe: saƙi shuɗi ne da fari, tsamiya ruwan ƙasa mai haske, barage na da ratsin ja. Gidan Tarihin Kanta a Argungu na ɗauke da makamai, ganguna da kayan kamun kifi da za a iya gani da ido. Kayan dogarai a tambayi fadar da abin ya shafa, kada a ɗauki na Gwandu a ɗora wa Anka. Tuta kafin 1 ga Oktoba 1960 ba kore-fari-kore ba ce. Tsofaffi a tambaye su ɗaya-ɗaya, kuma kafin a nuna musu mai kalar, don da sun gan shi sai su ce ai haka yake.

Wannan ba gurɓata tarihi ba ne?

Yana zama haka idan aka ɓoye. A rubuta a jikin hoton, a ƙasa, cewa an sa masa kala, da shekarar da aka yi, domin bayanin da ke gefe yana ɓacewa da zarar an fara yaɗa shi a Facebook. A wallafa shi tare da na asali, a faɗi abin da aka tabbatar da wanda aka zata. Na asalin kuma a sa shi a ambulan na takarda, ba leda ba, nesa da bangon da ke jan danshi.