Tiyatar Rage Nonon Namiji: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Ina aikin jinya a ɗakin masu tiyata a nan Abuja, kuma da wuya mako ya wuce ba tare da wani saurayi ya ja ni gefe ba, ya rage murya kamar mai neman bashi, ya ce, "Yallaɓai, akwai wata 'yar magana." Maganar ɗaya ce kullum: ƙirjinsa ya yi tudu kamar na mace. Ga amsoshin nan, ko na huta.

Asiri aka yi mini?

Babu wanda ya yi maka komai. Likitoci suna kiransa gainakomastiya. Kowane namiji yana da sinadarin maza da ɗan na mata a jikinsa, idan na matan ya rinjaya sai naman nono ya girma.

Shekarata 15, a yi mini aiki?

A'a. Na lokacin balaga yawanci yana bajewa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Jira.

Motsa jiki ba zai kawar da shi ba?

Idan kitse ne zalla, zai ragu. Amma in ka latsa ƙarƙashin kan nonon ka ji abu mai tauri kamar roba, ko duk ƙarfen Wuse ka ɗaga ba zai narke ba. Ku kuma masu yi wa kanku allurar ƙara ƙwanji don a ce kun murɗe, ku ne kuke jawo wa kanku shi. Giya da ciwon hanta suna kawo shi, haka wasu magunguna kamar spironolactone da efavirenz. Ban ce ka daina shan maganinka ba. Je ka gaya wa wanda ya rubuta maka.

Na ga wani likita a Instagram, aikinsa ya yi kyau.

Hoto ka gani. Tambaye shi ko yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN da lasisin bana, kuma ko ya kammala ƙwarewar fiɗa a Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa. In ya ɓata rai, ka samu amsarka. Tambayi wanda zai yi maka allurar barci, da inda za a kai ka in jini ya ɓalle da dare. Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) duk suna da likitocin gyaran jiki, fara daga irin waɗannan wuraren. Likitan da bai duba maraina ba, bai nemi gwajin jini ba, ya tafi kai tsaye ga maganar kuɗi, ka ɗauki hularka. Kuma kumburin gefe ɗaya mai tauri, ko jini daga kan nono, ba maganar kwalliya ba ce: maza ma suna kamuwa da sankarar mama.

Jikina yana yin tabo mai tudu. In yi aikin?

To, nan ne ba na gaggawa. Akwai tabon da ke ɗan kumbura ya yi ja, bayan watanni ya kwanta. Akwai kuma wanda ke tsallake bakin ciwon ya ci gaba da girma, yana ƙaiƙayi, irin wanda kake gani a kunnen wasu mata bayan huda. Wannan na biyun ya fi kama baƙar fata, kuma ƙirji yana cikin wuraren da ya fi so. Na taɓa jinyar wanda ke da shi a kafaɗa amma ɗinkin nononsa ya warke sumul. Hakan ba alkawari ba ne a gare ka. Yawanci ana yanka ne a bakin baƙin da'irar nono, ta ƙasa, inda tabo ya fi ɓuya, a ciro naman, a zuƙe kitsen gefe ta ƙaramar kafa. Idan nonon ya yi girma har fata ta saki, dole yankan ya yi tsawo, nan ne kuma lissafin ke canzawa. Cire riga a gaban likitan, nuna masa kowane tsohon tabo, har na shasshawa da na ƙaho. Tambaye shi me zai yi in tabon ya fara tashi. Mai hankali zai ambaci fallen silikon da allurar da ake yi cikin tabon, ya kuma ce ka riƙa dawowa yana dubawa. In nonon naka ƙarami ne kuma dangi duk masu irin wannan tabo ne, wataƙila barinsa ya fi. In ya hana ka shiga mutane, wataƙila tabo ya fi maka sauƙi. Kai ne za ka zauna da ƙirjin, ba ni ba.

Rigar matsin nan da aka sa mini bayan aiki ta dame ni, in cire?

Kada ka kuskura. Mako 4 zuwa 6, ko yadda likitanka ya ce. Wa ya aike ka yin aiki a watan Maris, cikin zafin Abuja? Masu wayo lokacin hunturu suke yi.

Sallah fa?

Yi a zaune na 'yan kwanaki idan sujada tana jan ɗinki. Addini ya yi sauƙi.

Yaushe zan koma aiki?

Na ofis, kamar mako guda. Ɗaukar buhu, ɗaga ƙarfe, fama da babur: sai bayan mako 4 zuwa 6. Taba kuma ka ajiye ta tun kafin aikin, tana hana ciwo warkewa.

Kan nonon ya mutu, ba na jin komai.

Kwantar da hankalinka. Yawanci jin yana dawowa a hankali cikin watanni. Kumburin ma yakan kai wata 3 zuwa 6 kafin ka ga ainihin surar ƙirjin, saboda haka daina tsayuwa gaban madubi kowace safiya.

Gefe ɗaya ya kumbura dare ɗaya, ya yi tauri, yana zafi.

Jini ne mai yiwuwa ya taru. Ajiye wayar nan, kada ka gasa shi da ruwan zafi, tafi asibiti yanzu.