Ɗanyen Fure a Kan Kek: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Soka Shi

A cikin aikina na duba tsaftar abinci, na taɓa tsayawa kusa da wata mai yin kek tana ƙarasa adon kek mai hawa uku. Ta wanke hannu, ta rufe kanta, teburinta kuma tas yake. Sai ta miƙa hannu cikin bokitin da furanni suka kwana, ta zaro ɗaya, ta girgiza shi, ta datse karansa da almakashi, ta soka shi cikin kek ɗin har ya nutse. Da na roƙe ta ta zare shi mu duba, sai muka tarar da ɗigon ruwa kore-kore a bakin ramin, ya fara jiƙa kirim ɗin da ke kewaye. Ba ƙazanta ce ta sa ta yin haka ba. A ganinta fure ado ne kawai, alhali duk abin da ya taɓa abinci, musamman abinci mai laushi da maiƙo irin kirim, ya riga ya shiga cikin abin da mutane za su haɗiye.

Saboda haka akwai tambayoyi biyu da ya wajaba a amsa kafin fure ya kusanci kek: wane irin fure ne wannan, kuma yaya aka noma shi? Idan ɗaya daga cikinsu ta rasa amsa, a bar furen a cikin tulunsa.

Tambayar farko ta fi gaggawa, domin da yawa daga cikin furannin da suka fi ɗaukar ido guba ne tun daga saiwa har fure. Oliyanda, wadda ake shukawa don ƙawata harabar gidaje da gefen tituna, tana ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, haka ma kariya mai jan fure da kaurin gindi, wadda tun da daɗewa aka san ana haɗa dafin kibiya da ruwanta. Dijitalis ita ce tsiron da ake samo maganin zuciya na digozin daga jinsinta, kuma tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa a cikinta ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Zaƙami mai fure kamar kakaki yana gusar da hankali, ya busar da baki, ya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Kala lili, wadda masu ado ke ƙauna saboda farinta, cike take da ƙananan ƙwayoyi masu tsini kamar allura, waɗanda ke sa baki da maƙogwaro su yi zafi su kumbura. Dafodil na sa amai, haidiranjiya kuma tana da sinadarin da kan iya sakin gubar sayanaid a cikin jiki. Abin da ya fi damuna shi ne biyun da aka fi gani a hotunan kek na zamani, wato ganyen bishiyar turare (yukaliftus) da ƙananan fararen furannin nan da ake kira jifsofila. Yawan ganinsu ya sa mutane sun ɗauka ba su da illa, amma man da ke cikin ganyen turare guba ne idan aka haɗiye shi, jifsofila kuma tana iya tayar da ciki da jawo ƙaiƙayi, ga shi furanninta suna kakkaɓewa su manne a kirim yadda ba mai iya tsince su duka.

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Furen wardi ana cin sa, amma wardin da aka saya wurin mai sayar da furannin ado ba don ci aka noma shi ba. Manyan gonakin fure na Kenya da Habasha da Kolombiya da Ekwado suna aika furanninsu kasuwannin duniya ta jirgin sama, kuma mai saye ba ya karɓar fure mai tabo ko alamar cin ƙwaro, don haka ana yi musu feshin maganin ƙwari da na fumfuna sau da yawa. Tunda ba abinci ba ne, ƙa'idar da ta iyakance yawan ragowar magani a kan kayan lambu ba ta hau kansu ba. Wani bincike da aka wallafa a ƙasar Beljiyam a shekarar 2016 ya gwada damin furanni 90, ya gano sinadaran feshi iri 107, kuma a matsakaici kowane dami yana ɗauke da kusan iri goma. Wasu daga cikin magungunan nan tsiron yana tsotse su ne zuwa cikin jikinsa, shi ya sa wanki, ko da sau nawa ne, ba ya fitar da su. Bayan wannan akwai ruwan bokiti, wanda ake zuba masa sinadarin hana fure yaushi, kuma ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a cikinsa idan ya kwana biyu. Koren soson da ake soka furanni a ciki shi ma haɗin sinadarai ne da ke marmashewa, bai kamata ya hau kan kek ba ko kaɗan.

Furannin da suka dace su ne waɗanda aka san ana cin su, irin su wardi da labanda da furen kabewa da kalandula da bayola, kuma aka noma su da niyyar ci, ko dai daga manomin da zai iya faɗin abin da ya fesa da ranar da ya fesa, ko daga lambun da mutum ya kula da shi da kansa. Furen bakin hanya ba ya cikin lissafi, saboda hayaƙin mota da ƙura da fitsarin dabbobi.

Idan an samu furen kirki, a wanke shi a hankali da ruwa mai tsabta, a girgiza don ƙananan ƙwari su fito, a shimfiɗa shi a kan tsabtataccen ƙyalle ya bushe. A cire zaren tsakiyarsa mai ɗauke da garin fure, domin garin nan yana ɓata kirim, kuma yana iya tayar da asma ko borin jini ga masu wannan lalura. Kada kara ya shiga kek tsirara. A datse shi gajere, a tsoma ƙarshensa cikin narkakkiyar cakulan ya daskare, ko a zura shi cikin guntun bututun shan lemo da aka toshe ƙasansa, sannan a soka bututun. Wayar ƙarfe da koren tef ɗin masu haɗa furanni ba a yi su don su taɓa abinci ba, kuma guntun waya da ya ɓace cikin yanka ɗaya ya isa ya kai mutum asibiti. A jera furen sa'o'i kaɗan kafin a kai kek ɗin, a ƙirga adadin abin da aka soka, a rubuta wa mai kek ɗin. Ina so in jaddada cewa naɗe kara ba ya wanke fure mai guba daga laifi, domin ganyensa na zuba, ruwansa na ɗiga, kuma yaro ba ya tambaya kafin ya tsinci jan abu mai kirim a jiki ya jefa a baki. Wanda ya nace sai siffar irin waɗannan furanni, a yi masa su da sukari ko da kirim.

Mai yanka kek ya cire dukkan furanni da bututunsu tukuna, ya tabbatar adadin ya cika, ya kankare kirim ɗin da suka zauna a kai. Idan kuwa wani ya riga ya ci fure ba a san irinsa ba, a cire ragowar daga bakinsa, a kuskure masa baki da ruwa, kada a tilasta masa yin amai, kada kuma a jira alamu su bayyana, domin gubar da ke taɓa zuciya kan ɗauki sa'o'i kafin ta nuna kanta. Amai, jiri, zafin baki, faɗaɗar ƙwayar ido, sambatu ko sauyin bugun zuciya duk dalilai ne na ƙara sauri. A tafi asibiti da ragowar furen a cikin leda, har da ganye da kara idan akwai, a kuma faɗa wa likita lokacin da aka ci da kimanin yawan abin da aka haɗiye.