Wuƙar injin tur

Wuƙar tur guntun ƙarfe ne mai kaifi da ake ɗaurewa a jikin injin tur domin ya fere ƙarfen da ke juyawa, har ya kai kaurin da ake so. Sunan injin daga Faransanci ya zo. A Yamai da Tawa galibin aikinsa gyara ne: sandar injin niƙa, kayan famfon ban ruwa, noti da kusoshin da ba a samu a kasuwa ba. Ba kamar wuƙar hannu ba, wannan tana tsaye, kayan aikin ne ke zagayawa a bakinta.

Tarihi

Masu tur na farko da hannu suke riƙe wuƙa. Wajejen shekarar 1800 Henry Maudslay na Ingila ya daidaita injin da ke da mariƙin wuƙa mai tafiya a kan layi, wanda ke iya yanka zaren kusa iri ɗaya sau da yawa. Wuƙaƙen lokacin na ƙarfe ne mai gawayi, wanda ake horarwa da wuta da ruwa, kusan yadda maƙeran Hausa ke hora gatari. Aibinsa shi ne zafi: da ya wuce digiri 200, sai taurinsa ya fara tafiya, don haka dole inji ya juya a hankali.

A 1868 Robert Mushet ya haɗa ƙarfe da tungisten, ya sami wanda ke yin tauri da kansa a iska, ba sai an tsoma shi a ruwa ba. Babban sauyi ya zo ne daga Amurka, inda Frederick Taylor da Maunsel White na kamfanin Bethlehem Steel suka gano, wajejen 1898, cewa in an gasa irin wannan ƙarfe har dab da narkewa, yana riƙe kaifinsa ko da ya yi ja. Sun nuna shi a baje kolin birnin Faris na 1900, mutane suna kallon wuƙa jajir tana ci gaba da yanka. Shi ne ƙarfe mai sauri, wanda ake rubuta wa HSS a jiki, littattafan Faransanci kuma ARS. Sanannen haɗinsa yana da kashi 18 cikin ɗari na tungisten, 4 na kuromiyam, 1 na banadiyam, kuma yana jure zafi har kusan digiri 600.

Kabaid, wani haɗi mai tsananin tauri da ake yin bakin wuƙa da shi, ya biyo baya daga Jamus. Karl Schröter na kamfanin Osram ya yi rajistarsa a 1923, Krupp kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Widia a 1926 ko 1927. Garin tungisten da gawayi ne ake mannewa da kobal. Da farko liƙe shi ake yi a bakin sanda. Ƙananan ƙwayoyin da ake ɗaurewa, a juya wani gefen in ɗaya ya dakushe, sun bazu ne daga shekarun 1950.

Zaɓin mai koyo

Masu koyarwa da dama suna fara ɗalibi da HSS. Yana da arha, ana wasa shi a dutsen wasa na inji, kuma ba ya saurin karyewa in hannu ya kuskure. Wanda ya wasa wuƙarsa da kansa shi ke fahimtar abin da ya sa ake zaftare ƙasan baki da kamar digiri 8 zuwa 10, don kada jikin wuƙa ya riƙa gugar aiki. Tagulla kuwa ba ta son baki mai gangare, fizgar wuƙar take yi, sai a bar saman a miƙe.

Kabaid ya fi tauri amma yana da gautsi. Yana son inji mai ƙarfi da gudu: inda HSS ke yanka baƙin ƙarfe da kamar mita 25 zuwa 30 a minti, kabaid yana haura 100. A sanda mai kaurin milimita 30, lissafin HSS yana faɗawa wajen juyi 300 a minti. Tsohon inji mai karkarwa, ko guntun ƙarfen da aka tsinto a kasuwar Katako ta Yamai da tsatsa da tabon walda, kan ɓantare bakin kabaid tun yankan farko. Wanda aka liƙe a sanda kuma ba ya wasuwa sai da koren dutse ko na lu'ulu'u. Akwai masu ganin gara ɗalibi ya fara da ƙwayoyin kabaid, tunda su ne a masana'antu. Ba a daidaita a kan wannan ba.

Wuƙa huɗu ko biyar sun ishi mai farawa: ta fere tsawo, ta gyaran fuska, ta datsewa, ta faɗaɗa rami, sai ta zare, mai kusurwar digiri 60 in zaren na milimita ne, 55 in na Whitworth ne, wato tsohon tsarin zare na Ingila. Kaurin sanda ya danganta da inji, ƙanana kan ɗauki milimita 8 zuwa 12. Ko wace iri ce, dole bakinta ya zauna daidai tsakiyar aiki. In ya yi sama zai yi guga, in ya yi ƙasa zai bar ɗan tsiro a tsakiyar fuska.

Alamomi

A tsarin ISO, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa, harafi da launi ke nuna irin ƙarfen da kabaid ya dace ya yanka: harafin P mai launin shuɗi na baƙin ƙarfe ne, M rawaya na ƙarfen da ba ya tsatsa, K ja na ƙarfen zubi.