Za a iya saka silinda mai harsashi bakwai a libarba mai cin shida?

Tambaya: Libarbar Smith & Wesson 686 na zuwa iri biyu, mai cin shida da mai cin bakwai. Tunda jikinsu ɗaya, me zai hana a zare silindar wannan, wato gangar da ke ɗauke da ramukan harsashi, a saka wa waccan?

Amsa: Shiga kam za ta iya shiga, amma ba za ta juya daidai ba. Kowane jan kunama, akwai wani siririn ƙarfe kamar yatsa da ke leƙowa daga jikin bindiga ya tura haƙoran da ke bayan silinda. A mai rami shida, turin yana juya silinda digiri 60. Mai bakwai digiri 51 da ɗoriya take bukata, mai takwas 45, mai goma 36. Yatsan da aka yi don digiri 60 zai nemi ya wuce da rami gaban bututu alhali sakatar ƙasa, wato ɗan ƙarfen da ke faɗawa gurbi a jikin silinda don tsayar da ita, ta riga ta kama ta, sai kunama ta cije, ko haƙoran su fara cinyewa. Saboda haka silinda, haƙoranta da yatsan tare ake canza su, kuma maƙerin bindiga ne ke goge su a hankali har su dace da bindigar da ke gabansa. Haka abin yake a samfurin 617 mai harsashin .22, wanda aka yi da rami shida da kuma goma.

Tambaya: Idan adadin ramukan ɗaya ne fa, samfurin ma ɗaya?

Amsa: Ko a nan ba a ɗauka a saka kawai. Abin dubawa na farko shi ne ratar da ke tsakanin fuskar silinda da gindin bututu, wadda galibi ake so ta tsaya tsakanin inci 0.004 da 0.008. Ana auna ta da siraran faifan ƙarfen nan da bakanike ke auna ratar fulogi da su. In ta matse, dattin albarushi ya taru, ƙarfe ya yi zafi, silinda ta daina juyawa. In ta buɗe, iskar harbi ta riƙa zurarewa ta gefe, harsashi ya rasa gudu. Sai a duba wasan silinda gaba da baya, da ratar da ke bayan gindin harsashi, domin in ta yi yawa allura ba za ta daki harsashi da ƙarfi ba.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci shi ne saiti. A bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta, ana ɗana guduma a hankali a kan kowane rami, a saurari sakata ta faɗa gurbinta kafin guduma ta gama ɗanuwa. Sannan a zura sandar gwaji ta bakin bututu: ta wuce cikin rami sumul, ba ta tokari baki ba. Rami ɗaya-ɗaya ake bi, don sau da yawa biyar lafiya lau, na shida ne mai matsala.

Tambaya: Me ke faruwa in saitin ya kauce?

Amsa: Harsashi zai goge gefen mashigar bututu, ɓarɓashin darma ya fantsamo ta ratar nan zuwa hannun mai harbi ko fuskar wanda ke tsaye kusa. In abin ya daɗe, mashigar kan tsage.

Tambaya: To waɗanda ake sayarwa da silinda biyu fa?

Amsa: Waɗannan a masana'anta aka daidaita silindun biyu da bindiga guda, kuma nau'in harsashi ne ke canzawa, ramuka suna nan yadda suke. Ruger Single-Six na zuwa da ta .22 LR da ta .22 Magnum, Blackhawk kuma da ta .357 da ta 9mm, ko ta .45 Colt da ta .45 ACP. Zare sandar tsakiya, fitar da silinda ta gefe, saka ɗayar, shi ke nan. Kada dai a saka .22 LR a ramin Magnum, ramin ya fi shi faɗi, kwanson na iya tsagewa. Silindar da aka tsinta a kasuwar tsofaffin kaya kuwa, ko da samfurin ɗaya ne, sai ta bi ta hannun maƙeri.

Tambaya: Ƙarin rami ba ya rage wa silinda ƙarfi?

Amsa: Bangon da ke tsakanin ramuka yana sirancewa, gaskiya ne. Amma a mai shida gurbin sakata yana faɗawa daidai kan rami, inda ƙarfe ya fi siranta, a mai biyar ko bakwai kuwa tsakanin ramuka yake faɗawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa maƙeran Amurka irin su John Linebaugh, da za su ɗora manyan harsasai kamar .475 da .500 a jikin Ruger, suka rage ramuka daga shida zuwa biyar.

Tambaya: Ya cancanci kuɗin?

Amsa: Da wuya. In aka haɗa kuɗin silinda, yatsa da ladan maƙeri, yawanci gara mutum ya sayar da mai shidan ya sayi mai bakwai da aka daidaita tun daga masana'anta.