Sharuɗɗan Jona Tashar Lantarki ta Iska da Babban Layi: Tambayoyi da Amsoshi

Tambaya: Me ya sa ba a jona tashar iska da babban layi sai ta cika wasu sharuɗɗa?

Amsa: Babban layi, wato manyan wayoyin da ke ɗaukar lantarki daga tashoshi zuwa ga jama'a, ba ya ajiye wuta, don haka abin da tashoshi suke turawa dole ne ya yi daidai da abin da jama'a suke sha a kowace daƙiƙa. Ana gane wannan daidaito ta bugun wuta, wato yawan kai-komon da take yi a daƙiƙa ɗaya: sau 50 a Turai da Afirka da yawancin Asiya, sau 60 a Amurka. Idan buƙata ta rinjayi abin da ake samarwa sai bugun ya sauka, kuma idan ya sauka da yawa sai na'urorin kariya su fara yanke wuta. Shi ya sa kowace hukumar da ke tafiyar da layi take da kundin ƙa'idojinta, ita kuwa Tarayyar Turai ta tattara nata a doka mai lamba 2016/631.

Tambaya: Wane sharaɗi ne ya fi nauyi?

Amsa: A ganina shi ne tashar ta jure, kada ta fice daga layi idan ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt, ya faɗi na ɗan lokaci, kamar yadda yake faruwa idan tsawa ta faɗa wa waya. A da, lokacin da injinan iska ba su da yawa, ana saita su ne su cire kansu da zarar an sami matsala, domin kare injin. Da suka yawaita sai dabarar ta zama haɗari, saboda ficewar ɗaruruwan injina a tare tana mayar da ƙaramar matsala babba. Kamfanin E.ON Netz na Jamus yana cikin waɗanda suka fara wajabta wannan juriya a 2003.

Abin da ya auku a jihar Ostireliya ta Kudu ranar 28 ga Satumba, 2016 ya isa misali. Guguwa ta kayar da turakun manyan wayoyi, ƙarfin wuta ya faɗi sau shida cikin kimanin minti biyu, sai tashoshin iska tara suka janye megawat 456 cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai, layin da ke kawo wuta daga jihar Biktoriya ya yi nauyi ya yanke, jihar baki ɗaya ta shiga duhu. Bincike ya nuna cewa injinan suna da saitin da ya ƙayyade yawan faɗuwar da za su jure a jere, kuma hukumar layin ba ta da cikakkiyar masaniya a kansa. Wannan ne ya sa bai kamata a wadatu da alkawarin mai ƙera inji ba: a karɓi cikakkun bayanan saitin, a gwada tashar a kwamfuta, sannan a sake gwada ta a fili kafin a ba ta izini.

Tambaya: Ana cewa injinan iska ba su da nauyin juyi. Mene ne ma'anar haka?

Amsa: Janaretan tashar ruwa ko ta gas ƙarfe ne mai nauyin gaske da ke juyawa daidai da bugun layi, kuma idan wata tasha ta fice, wannan nauyin yakan rage saurin faɗuwar bugun har agaji ya iso. Injin iska na zamani kuwa ta inbata, wato na'urar lantarki da ke daidaita wutarsa da ta layi, yake shiga layi, don haka juyin farfelarsa ba ya ɗaure da bugun. Ana cike giɓin ta hanyar umartar inbatar ta ɗebi ƙarfi daga juyin farfelar na 'yan daƙiƙu, ko a girka manyan batura, ko injin da ke juyawa ba tare da samar da wuta ba, domin nauyinsa kawai.

Tambaya: Yaya batun ƙarfin wutar a wurin jonawa?

Amsa: Injina da yawa suna fitar da wuta a kan bolt 690, taransfoma ta ɗaga ta zuwa 33,000 a cikin tashar, wata babba ta kai ta 132,000 ko fiye. A wannan mahaɗa ake auna tashar, kuma ana buƙatar ta iya taimakawa wajen ɗaga ƙarfin wutar ko sauke shi, ta kuma tace gurɓatar da inbata ke sakawa a layi. Abin ya fi wuya inda layin yake da rauni, kuma sau da yawa wuraren da iska ta fi kaɗawa suna nesa da birane.

Tambaya: Tunda iska ba ta da tabbas, yaya ake sarrafa tashar?

Amsa: Idan saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin da take ɗauke da shi yakan ninka takwas, kuma yawancin injina sukan tsaya idan ta kai kusan mita 25 a daƙiƙa. Saboda haka ana wajabta wa tashar ta riƙa aika hasashen abin da za ta samar, ta kiyaye iyakar saurin ƙara wuta, kuma ta rage abin da take turawa nan take idan ɗakin kula da layi ya ba da umarni.